Kafin Ka Sayi Madubin Hangen Nesa, Ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso ni cewa malamanka a Jami'ar Jihar Taraba sun ba ka aikin ƙidayar tsuntsayen ruwa a gaɓar Binuwai, kuma ka tara 'yan kuɗi za ka sayi madubin hangen nesa naka na kanka. Allah ya sanya albarka. An kuma ce min hankalinka ya kwanta da wani da ka gani an rubuta 20x50 a jikinsa, wai yana jawo abu kusa har sau ashirin. A nan nake so ka dakata ka saurari Baffanka tun kuɗin bai bar hannunka ba. Kai mai jiri ne tun kana ƙarami, daga Jalingo zuwa Mutum Biyu ma sai an tanadar maka leda a mota. Ni ma da irin wannan jinin na yi shekarun aikina ina hawa da sauka a kan ruwan nan. Madubin da ya dace da mai jiri a cikin jirgi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda bai wuce sau bakwai ba.

Wanda bai san kogin ba zai ce ai Binuwai ba teku ba ce, me zai kawo jiri? Gaskiya ne, da sanyin safiyar Janairu ruwan kan kwanta lif, ka rantse ba ya tafiya. Amma ka tuna da abin da za ka shiga. Tun daga gadar Numan har zuwa ta Makurdi babu wata gada a kan kogin, don haka duk mai zuwa Karim Lamido daga Lau ko daga Mayo Ranewo, da mai tsallakawa a Ibi, dole ya bi 'yan fito. Kwalekwale mai inji ba ya zama wuri ɗaya ko da ruwa a kwance yake. Mutum ɗaya ya gyara zama, ya karkata. A tura buhun shinkafa gefe, ya karkata. Wani jirgin ya wuce da gudu, igiyar ruwansa ta zo ta ɗaga ku ta sauke. Karkarwar injin kuma tana bin katakon da kake zaune a kai har ta iso gwiwar hannunka. Ga hayaƙin fetur, ga ƙaurin banda, ga rana tana dukan ruwa tana dawowa cikin ido. Wannan duk a lokacin rani ke nan. Idan iskar farkon damina ta taso, ko kogin ya cika ya batse a watan Satumba, balle shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru irin na 2012 da 2022, to, maganar ta wuce haka.

Shi jiri, asalinsa saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu uku lanƙwasassu masu ruwa a ciki, su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya karkata ko ya juya. Ido ma yana kai nasa rahoton. In rahotannin biyu suka dace, lafiya lau. In suka saɓa, sai hamma ta fara, yawu ya taru a baki, gumi mai sanyi ya keto a goshi, daga nan sai amai. Kuma Allah ya yi wa ido wata baiwa: idan kanka ya karkata dama da digiri ɗaya, ƙwayar idonka kan juya hagu da digiri ɗaya da kanta, ba ka ma sani ba, shi ya sa kake tafiya duniya ba ta yi maka rawa. Madubin hangen nesa yana ɓata wannan lissafi, domin ba tsuntsu kaɗai yake ninkawa ba, har da motsi. Jirgi ya karkata digiri ɗaya, kunnenka ya ce ɗaya, amma ta cikin madubi mai ƙarfin bakwai ido ya ga bakwai. Ta cikin mai ƙarfin ashirin ido ya ga ashirin. Wanda jikinsa ba ya jure ƙaramin saɓani a mota, yaya zai yi da wannan?

Na ga hakan a jikin wani saurayi da muka taɓa shiga jirgi ɗaya daga Lau. Ma'aikaci ne, sabon zuwa, ga shi da wani dogon madubi mai ɗan maɓalli da ake turawa ƙarfinsa ya ƙaru. Muna tsakiyar ruwa matuƙin ya nuna mana kawunan dorina can gefen wani tsibiri. Yaron ya ɗaga madubi, ya tura maɓallin har ƙarshe, ya yi ta neman su. Ina ganin bakin madubin yana lilo sama da ƙasa, shi kuma ya ƙi saukewa, don kowane lokaci sai ya kusa kama su su kuɓuce masa. Can sai na ga leɓensa ya bushe, fuskarsa ta yi fari fat. Matuƙin, wani dattijo ne da bai cika magana ba, ya ce masa, "Malam, sauke abin nan ka dubi gaɓa." Kafin ya sauke, aikin gama ya gama. Haka ya ƙarasa tafiyar kansa a sunkuye a bakin jirgi, wani yana riƙe da rigarsa ta baya. Mu da muka duba da ido kawai mun ga dorinar har da ɗanta, shi kuwa bai ga komai ba sai ruwa da sama suna musayar wuri.

Yanzu ga ma'anar lambobin nan biyu da ake rubutawa a jikin madubi, irin 20x50 ɗin nan. Ta farko ƙarfin ninkawa ce. Ta biyu faɗin babban gilashin gaba ne da milimita. Matuƙan jiragen teku, tun daga sojojin ruwa har masunta, sun daɗe da tsayawa a kan 7x50, kuma ba don sun rasa kuɗin sayen mai ƙarfi ba ne. Bakwai ita ce kusan iyakar abin da hannun mutum ke iya riƙewa a kan abin da ke motsi. Bayan haka, duk lokacin da ƙarfi ya ƙaru, filin da kake gani yana tsukewa. Madubi 7x50 na kirki yana nuna maka faɗin kusan digiri bakwai, wato fiye da mita 120 idan abin yana nesan mita 1,000. Mai ƙarfin ashirin da ƙyar ya nuna rabin haka. Idan jirgi ya karkata digiri uku, zalɓen da kake kallo a madubi mai faɗi zai matsa gefe ne kawai ya dawo, amma a mai tsukakken fili zai fice gaba ɗaya, sai ka sake farautarsa, kuma wannan farautar ita ke tayar da zuciya.

Akwai lissafi na uku da 'yan kasuwa ba sa faɗa, alhali ya fi komai amfani gare ka. Raba lamba ta biyu da ta farko. Hamsin a raba bakwai, ka samu milimita bakwai da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta ƙaramin gilashin da kake sa wa ido. Riƙe madubin nesa da fuskarka ka fuskanci sama, za ka ga ɗigon, fari, a tsakiyar kowane gilashi. A 8x42 ya ɗan haura biyar. A 6x30 da 7x35 biyar ne cif. A 20x50 ɗinka kuwa biyu da rabi ne kacal, daidai da na 'yan ƙananan 10x25 da ake sawa a aljihu. Da rana baƙin idon mutum kan tsuke ya koma milimita biyu zuwa uku. In ɗigon hasken ya fi shi faɗi sosai, ko madubin ya ɗan goce idonka yana cikin haske. In kuwa faɗinsu ɗaya, ƙaramar girgiza ta isa ta sa baƙi ya rufe maka gani, ya buɗe, ya sake rufewa. Bambancin kamar na mai leƙen tsakar gida ne ta taga da mai leƙe ta ramin makulli, alhali ana ta ture shi ta baya.

Kada kuma ka ɗauka cewa ƙarfin zai biya ka wahalarsa. Lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a fadamunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin hazo. Madubi ba ya ratsa hazo, ninka shi yake yi. Da rana ta take kuma, tururin zafi da ke tashi daga yashi yana sa komai ya riƙa malkwaɗewa, kuma mai ƙarfi ya fi nuna wannan malkwaɗewar. Sau da yawa mai riƙe da bakwai kan bambance kirinjijiya da dinya tun mai riƙe da ashirin bai gama nemo garken ba.

To wanne zan ce ka saya? In ka samu 7x50 na gaske, ba ka yi asara ba, sai dai ka san yana da nauyi, kilo ɗaya ne ko fiye, kuma hannu in ya gaji rawa yake yi. Amfanin babban gilashinsa ya fi fitowa da asuba da almuru. Kai kuwa bai kamata almuru ta same ka a kan ruwa ba, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ma ta hana zirga-zirgar dare. Saboda haka a ganina 7x35 ko 6x30 sun ishe ka, ga sauƙin ɗauka, ga faɗin fili, ga arha. Tsofaffin 7x35 ƙirar Japan da ake samu a kayan gwanjo, da yawansu sun fi sababbin da ke cikin kwali mai ƙyalli nesa ba kusa ba. Idan kana son madubi ɗaya da zai yi maka aikin ruwa ya kuma bi ka dajin Gashaka Gumti wata rana, 8x42 shi ne iyaka, shi ne wanda masu kallon tsuntsaye a tudu suka fi riƙewa. Daga goma zuwa sama, bar wa wanda ke tsaye a ƙasa. Mai maɓallin ƙara ƙarfi kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka shiga jirgi da shi: filinsa a tsuke yake ko a ƙaramin ƙarfinsa, kuma cikinsa ya cika ƙananan sassa masu saurin gocewa.

Wannan gocewar ita ce abin da na fi so ka kiyaye, don ita kaɗai tana iya sa lafiyayyen mutum jiri yana zaune a kan tabarma. Madubin hangen nesa bututu biyu ne, kuma dole su fuskanci wuri ɗaya daidai wa daida. In ya taɓa faɗuwa, ko tun daga masana'anta aka yi shi sakaka, sai ɗaya ya ɗan kalli sama ɗaya ƙasa. Ba lalle ka ga abu biyu ba, domin jijiyoyin idonka za su yi ta ƙoƙarin haɗa hotunan. Bayan 'yan mintoci sai ka ji goshinka ya ɗaure, bayan idonka yana zafi. Mutane da yawa da ke cewa madubi ba ya karɓarsu, karkataccen madubi aka sayar musu.

Ga yadda za ka gwada, kuma kada kunyar mai shago ta hana ka. Fita da shi waje. Nemi wani abu miƙaƙƙe a nesa, wayar lantarki ko saman katanga. Lanƙwasa madubin a tsakiya, ka buɗe ko ka matse, har da'irori biyun su zama ɗaya. Saita shi har wayar ta fito tar. Sai ka janye shi daga fuskarka a hankali kamar faɗin tafin hannu, idanunka biyu a buɗe. Yanzu za ka ga wayar a cikin 'yan da'irori biyu, hagu da dama. In ta miƙe daga wannan zuwa wancan a layi ɗaya, madalla. In ta hagu ta ɗara ta dama tsawo ko da kaɗan ne, mayar masa da kayansa. Sannan ka sake sa shi a ido, ka rufe idanunka ka ƙirga biyar, ka buɗe farat ɗaya. In ka ga abu biyu sannan suka haɗe, shi ma alama ce. Girgiza shi kusa da kunnenka, kada ka ji wani abu yana ƙwaras-ƙwaras a ciki. Juya shi ka leƙa ta babban gilashi kana fuskantar haske: in ka ga wasu fararen zare-zare sun bazu a ciki, fumfuna ce ta kama shi, kuma ba ta gogewa daga waje. Dubi ɗigon hasken nan da na gaya maka, ya kasance zagayayye sumul. In gefunansa sun yi duhu ya koma mai kusurwa huɗu, gilasan ciki masu arha ne. Waɗanda aka rubuta wa BaK-4 su ne ke ba da zagayayyen ɗigo, amma idonka ya fi rubutun zama shaida.

Rubutun jikin madubi ma ba duka ake yarda da shi ba. Za ka ga an buga 60x60 ko 80x80 a jikin abin da bai kai tafin hannu ba. Sa abin awo a gilashin gaba, ka ga ko milimita arba'in bai kai ba. In kana son sanin ainihin ƙarfinsa, dubi katangar bulo da ido ɗaya ta cikin madubi, ɗaya idon kuma a waje, ka ƙirga layin bulo nawa na zahiri bulo ɗaya na cikin madubi ya rufe. Masu jan gilashi kamar garwashi kuma, waɗanda yara ke sha'awa, an shafa musu jan ne don a ɓoye raunin gilashin, kuma suna mayar da komai shuɗi-shuɗi. Kai da aikinka ya rataya a kan launin baki da ƙafar tsuntsu, ba naka ba ne. Gilashi mai kyau, in ka karkata shi a haske, ɗan kore ko ɗan shunayya yake nunawa a hankali. In ta intanet za ka yi oda, tunda samun na kirki a nan garin sai an dace, kada ka biya sai inda aka yarda ka mayar idan bai ci wannan jarrabawa ba.

Ka nemi wanda aka toshe shi ruwa ba ya shiga, irin wanda ake cika cikinsa da iskar naitirojin. A kwalekwale feshin ruwa ba ya ƙarewa, kuma madubin da ba a toshe ba yakan yi gumi daga ciki da sanyin safiya, ba ka da yadda za ka goge. Wasu na matuƙan teku, irin na Steiner da Fujinon, kowane ido da nasa saiti: ka saita sau ɗaya, duk abin da ke nesa ya fito, ba sai kana murza komai ba. Wannan alheri ne ga mai jiri, don yawan murzawa hoto yana dushewa yana dawowa shi ma yana juya kai. Illarsa ita ce tsuntsun da ya sauka kusa da kai ba zai fito sosai ba. In mai dabaran tsakiya ka saya, saita shi tun kana gaɓa: rufe gilashin dama da murfinsa ka murza dabaran har idon hagu ya gani sarai, sannan ka rufe na hagu ka murza zoben da ke jikin na dama. In ka fara sa tabarau nan gaba, ka naɗe robar bakin madubin ciki don idonka ya matso.

Za ka ji labarin masu batir, waɗanda ke tsayar da hoto da kansu. Gaskiya ne akwai su, kuma suna aiki. Canon na yin su, Fujinon ma na da 14x40 da aka yi musamman don jirgin ruwa, wanda ke gyara karkata har kusan digiri biyar. Yawancin na Canon kuwa rawar hannu suke gyarawa, abin da bai wuce digiri ɗaya ba, kuma ƙananansu ba a toshe su daga ruwa ba. Mai kyau a cikinsu kuɗinsa na iya kai na sabon babur, in ya lalace kuma babu mai gyara shi a kusa. Sannan ba kowane mai jiri yake jin daɗinsu ba, don hoton yakan yi wani irin shawagi a hankali, kunne kuma bai daina jin motsin jirgi ba. Ɗalibi ba ya bukatarsu.

Ko ka samu madubin da ya fi kowanne, in ba ka iya riƙe shi a jirgi ba, ledar nan dai za ka nema. Zauna a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, inda motsi ya fi sauƙi, ka fuskanci inda aka nufa, ka nisanci hayaƙin inji. Kada ka jingina gwiwar hannunka a bakin jirgi, karkarwar injin za ta bi ta nan ta shiga madubin. Matse gwiwoyin hannunka a haƙarƙarinka, ka saki ƙugunka ya riƙa bin motsin jirgin, kanka kuma ya tsaya. Kada ka yi neman tsuntsu da madubi. Nemo shi da ido tukuna, ka kafe shi da kallo, sannan ka ɗago madubin ya shiga tsakaninku ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Duba na ɗan lokacin da za ka ja numfashi biyu ko uku, ka sauke, ka mayar da idonka can nesa inda gaɓa ta haɗu da sama, ka huta, sannan ka sake. Hammar farko ko taruwar yawu ita ce sanarwa. Da ka ji ta, rataye madubin, kada ka ce bari in ƙarasa wannan garken. Jiri in ya kama sosai yakan ɗauki sa'o'i bai saki mutum ba, ka ga ranar ta tafi a banza.

Rubutu a cikin jirgi ma abokin gabarka ne, haka latsa waya. Ka samu abokin tafiya ya riƙe littafi kana faɗa yana rubutawa, ko ka ɗauki muryarka a waya ka kwafe in kun sauka. Abin da ya fi duka kuwa, ka yi shiri da matuƙinka tun a kwata cewa za ku riƙa tsayawa. Da rani Binuwai cike take da tsibiran yashi. Ya kashe inji, ya sa gora ya matsa da ku, ka sauka ka tsaya da ƙafarka a kan yashi ka yi ƙidayarka a natse. Tsuntsayen ma sun fi zama in babu ƙarar inji. Ka ɗauki jirgi a matsayin abin da zai kai ka wurin kallo, kallon da za ka yi a cikinsa ya zama na dole kawai. Ka biya shi kuɗin lokacinsa da na mansa ba tare da ja-in-ja ba, ka kuma ji maganarsa in ya ce wannan tsibirin ba a sauka. Su Jukunawan ruwa da Sarkawa sun san makwancin dorina da kada fiye da duk wani littafi. In kun hango dorina, kada ka ce a matsa kusa, ai don irin wannan ka sayi madubin.

Kada ka shiga ruwa da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Ɗan kunu ko shayi da burodi ya isa, ka riƙe ruwan sha. Citta tana taimakon wasu, ni tana yi min, ɗanya nake yankawa in sa a baki. Magungunan da ake sayarwa saboda tafiya, irin su Stugeron da Avomine, ana shan su ne tun kafin a tashi, ba bayan zuciya ta fara tashi ba, kuma suna sa barci, wani ma har ganinsa kan ɗan dushe. Mai gyangyaɗi a bakin kwalekwale yana cikin haɗari. In za ka sha, tambayi likita, ka kuma fara gwada shi ranar da kake gida don ka san yadda yake yi maka.

Rigar ruwa kuwa ba na son in ji ka ce babu. Saya taka, ka tafi da ita, ka ɗaure ta tun kafin ka taka jirgi. Ba mu manta da watan Oktoba na 2023 ba, da jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Mayo Ranewo zuwa Binnari ya kife aka rasa bayin Allah da dama. Allah ya jiƙansu. In ka ga an yi wa jirgi lodi har ruwa ya kusa bakinsa, jira na gaba, tsuntsu ba zai ƙare ba. Kada ka taɓa miƙewa tsaye a kwalekwale da madubi a ido, domin mai kallo ta cikinsa bai san inda jikinsa ya karkata ba. Igiyar madubin ta kasance a saman rigar ruwa, yadda za ka iya cire ta da hannu ɗaya. Akwai igiya mai soso da ke hana madubi nutsewa, in ka samu ka haɗa da ita. Kuma ko da wasa kada ka juya shi wajen rana, ko ka miƙa wa yaro ba ka gargaɗe shi ba, makanta yake jawowa nan take.

Sai maganar mutane, wadda ba a rubuta ta a kwalin madubi. Zamanin nan na rashin tsaro, baƙon da ya tsaya yana leƙen gari da madubi daga cikin ruwa, ba kowa zai ɗauka tsuntsu yake nema ba. Ka riƙe katin makaranta da takardar malaminka a cikin leda. Duk garin da ka sauka, fara zuwa gaida mai gari da sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, in da hali ka ba su madubin su duba da kansu. Na ga yadda fuskar dattijo ke sakewa idan ya hango shanunsa a tsallake kamar ya miƙa hannu ya taɓa, daga nan shi zai riƙa gaya maka inda gauraka ke kwana. Kusa da shingen jami'an tsaro, bar shi a jaka. In kun zo mashaya inda mata ke wanka da wanki, sauke shi ƙasa tun daga nesa yadda kowa zai ga ka sauke, ko da tsuntsun da ka yi wata kana nema ne ya sauka a wurin.

In ka dawo gida, hure ƙurar da ke kan gilashi kafin ka goge, don ƙurar hunturu da yashin kogi suna karce shi, kuma da ƙyalle mai laushi za ka goge, ba da bakin riga ba. Da damina kada ka kulle shi a jakarsa yana da danshi, ajiye shi inda iska ke ratsawa. Kada kuma ranar ƙidaya ta zama ranar da za ka fara ɗaga shi a kan ruwa. Fara da balbelu a bakin kogin Lamurde kana tsaye a ƙasa, har hannunka ya iya kai madubi kan abin da ido ya kafe ba tare da lalube ba. Daga nan ka je Lau da sassafe ka yi fito ɗaya, ka tsallaka ka dawo, madubin yana rataye ba ka taɓa shi ba. A zuwa na gaba ka ɗaga shi sau biyu ko uku. Jiki yana sabawa da motsin ruwa in an bi shi a hankali, kuma gara ya saba tun yanzu da ruwa ke kwance, kafin malamanka su sa maka rana.